Ranar da Fura Ta Kayar da Turawana a Riyad

Ina cikin shekarata ta huɗu da tuƙin bas a Riyad aka ba ni Turawan Ingila. Kafin nan aikina bai wuce in kwashi ma'aikata daga masaukinmu na Sulay in kai su wurin gini ba, da yamma in dawo da su. To da sanyi ya shigo, lokacin da garin ke cika da baƙi masu zuwa kallon wasanni, sai kamfaninmu ya samu aikin ɗaukar baƙi. Mudir ɗinmu, wato shugaban direbobi, wani Bamisire ne da ke faɗa yana dariya, ya aika a kira ni.

"Kai ne aka ce kana jin Turanci?"

Na ce na yi sakandare a Gusau.

"Halas, magana ta ƙare! Mutum goma sha tara daga Ingila, kwana huɗu, kallon dambe ya kawo su. Sabuwar bas zan ba ka. Ka wanke rigarka."

Sabuwar bas! Mai sanyi, mai labule, mai makirufo a gefen sitiyari. Da na fito daga ofishin ji nake kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ban tsaya ko'ina ba sai ɗakinmu, don in ba da labari.

Mu shida ne a ɗakin, amma biyu ne suka ɗauki zancen da zafi. Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi mai gadin sito, wanda duk muke kira Kawu, da wani Bakano mai gyaran wuta da ƙanensa ke karatu a Ingila, saboda haka duk abin da ya shafi ƙasar shi ne malaminmu. Yana jin na ce Ingila ya ajiye cokali.

"Inna lillahi! 'Yan kallon wasa? Wallahi an cuce ka."

Ya jawo waya ya shiga nuna mana. Ga ƙarti ba riga, tumbi ja wur, suna jifan juna da kujerun roba a wani dandali. Ga wasu suna watsa giya sama kamar ruwan bazara. Ga wani an kwantar da shi a bakin titi, takalmi ƙafa ɗaya. Ya ce ƙanensa ya gaya masa idan Juma'a ta yi, mai hankali ba ya bin gefen mashaya a can.

Na ce, "To ai nan ba inda za su samu. Ba kanti, ba otal."

"Kai yaro ne. Tun a jirgi za su cika tanki. Su fa a jininsu take."

Kawu ya gama shan shayinsa. Sannan ya ce, "Ni dai ban san su ba, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Amma ɗana, ka tafi da bokiti. In ba a yi amfani da shi ba, mi ka rasa?"

Na tafi da bokiti. Na haɗa da baƙaƙen ledoji da lemon tsami.

Da hantsi jirginsu ya sauka. Ina tsaye a ƙofar fitowa ta Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid riƙe da allo, sai na ji waƙa tana tahowa daga ciki, tun ban ga masu ita ba. Muryoyi ne manya, ana tafi ana buga akwati. Wani direba ɗan Pakistan da ke gefena ya dube ni ya ce, "Naka ne?" Na ce da alama. Ya dafa kafaɗata kamar mai ta'aziyya.

A gabansu akwai wata tsohuwa 'yar gajeruwa, gashi fari fat an rage shi, tana tafe da sauri kamar za ta kashe gobara. Ita ce shugabarsu. Daga baya na gane ita da marigayi mijinta suka buɗe gidan koyon dambe a garinsu, kuma wani yaro da ya tashi a hannunsu ne zai yi wasa a cikin wasannin share fage. Duk waɗannan mutanen 'yan unguwa ɗaya ne: mai gasa burodi, mai rabon wasiƙa, malamar asibiti, da sauransu. Tun a nan na fara kiranta Mama, ita kuma ta amsa kamar dama da shi aka haife ta.

A bayanta kuwa sai ga mutumin cikin wayar Bakano, sak. Ƙato, kai a aske tal, wuya kamar turmi, zane tun daga yatsu har ƙeya. Na ce a raina, wannan shi zai fara.

Sai suka ba ni mamaki na farko. Da muka isa gindin bas, ba wanda ya ce musu komai, suka jera layi. Layi sosai, ɗaya bayan ɗaya, suna ci gaba da waƙarsu. Na taka ƙafar wani wajen loda kaya, shi ya riga ni ba da haƙuri. Ƙaton nan ya karɓi akwatuna yana shirya su a ƙasan bas fiye da yadda ni zan yi, sannan ya haye kujerar da ke kusa da ni ya zauna, yana leƙen giyar motar da madubai.

"Ni ma direban bas ne," in ji shi. "Shekara ashirin. Amma sitiyarinku yana ɓangaren da ba daidai ba."

Turancinsu sai da na yi kwana guda kafin kunnena ya saba, don rabin kowace kalma haɗiye ta suke yi.

Bokitin Kawu dai bai tafi a banza ba, gaskiya ɗaya ce. Ba mu yi nisa da filin jirgi ba na ji ana kiran "Direba! Direba!" daga baya. Wani siririn saurayi ne mai tabarau, wanda in ka gan shi za ka rantse limamin coci ne. Ashe tsoron jirgi yake, ya sha ya yi tatul a inda suka yada zango. Na miƙa bokiti, aka yi ta miƙa shi hannu da hannu har ya isa. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mama ta tashi ta bi tsakiyar bas ta tsaya a kansa, ta wanke shi tas da faɗa, ba ta ɗaga murya ba amma kowa ya yi tsit. Da muka isa otal ta sa shi ya je ya wanke bokitin da hannunsa ya kawo mini, ya ba ni haƙuri kansa a ƙasa. Sauran kuwa, duk wanda zai sauka sai ya ce, "Na gode, direba." Sau goma sha takwas.

Na aika wa ɗakinmu saƙon murya: "Ɗaya cikin goma sha tara." Bakano ya amsa nan take: "Ka jira. Yau ne farko."

Hayaniya kam akwai ta, ba giya ba komai. Ban taɓa ganin mutanen da ke zagin juna don ƙauna irinsu ba. Da farko duk lokacin da murya ta tashi sai in duba madubi in ga ko an kaure, sai in tarar dariya ake yi. Na gane wasa ne irin na Kanawa da Zagezagi, sai dai su ba su da ranar hutu. Kafin azahar ta washegari sun ƙwace makirufona, sun yi wa kowa waƙa, har ni.

A rana ta biyun ne, bayan na kai su tsohuwar kasuwa sun sayi dabino da turare da rawunan da ba su iya ɗaurawa ba, Ƙato ya juyo ya ce, "Abincin otal ya ishe mu. Kai ina kake ci?"

Na ce inda nake ci ba wurin baƙi ba ne.

"To can za mu."

Mama ta ce can za mu. Bas ta ɗauka: can za mu, can za mu, har da tafi.

Akwai wata Hajiya 'yar Damagaram a unguwar Ulaisha da muke zuwa gidanta ranar Juma'a idan kewar gida ta taso. Na kira ta na ce ina tafe da Turawa goma sha tara. Ta ce, "Kai, ɗan nan, ka ji tsoron Allah." Na rantse mata. Ta ce in ba ta awa ɗaya da rabi.

Yadda na shigar da bas ɗin nan lungunan Ulaisha, Ƙato da kansa ya sara mini. Muka tarar an shimfiɗa dardumai a tsakar gida, an kira maƙwabta mata uku sun kama mata. Turawana suka tuɓe takalma suka jera su a bakin ƙofa, aka shiga kokawar naɗe ƙafa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ga masa, ga balangu a faranti, ga yaji a gefe. Na yi gargaɗi a kan yajin. Gargaɗin ne ma ya jawo gasa. Ƙato ya dangwala tsoka har ta ɓace a cikin yajin ya jefa baki, muka zuba ido muna kallon kansa yana canja launi tun daga wuya har tsakiya. Gumi ya karyo masa, hawaye na zuba, ya ɗaga babban yatsa ya ƙara wata. Hajiya tana bakin ƙofar kicin ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Don a kashe musu wutar ne ta fito da fura. Geron daga gida ake kawo mata, ta dama da nonon kanti mai kauri, ta zuba ƙanƙara, a cikin wata babbar roba. Na nuna musu yadda ake kama ludayi. Mama ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa, ta ce a ba ta kofi babba. Daga nan aka rufar wa robar. Aka dama ta biyu. Aka dama ta uku. Ni na san abin da fura ke yi wa mutum da tsakar rana bayan tuwo, amma daɗin ganin suna sha ya hana ni magana. Da za mu tafi Hajiya ta cika musu jarka guda ta ce guzuri.

Ba mu kai babban titi ba na ji wani abu da ban ji ba tun zuwansu: shiru. Na duba madubi. Kowa ya faɗi inda yake. Wannan ya jingina da wancan, baki a buɗe, rawani ya zame ya rufe ido. Ƙato yana minshari kamar injin markaɗe. Na yi ta dariya ni kaɗai har cikina ya ƙulle. Cunkoso ya riƙe mu kusan awa guda, jarkar nan kuwa tana bakin taga, rana na dukanta.

A ƙofar otal dariyata ta ƙare. Tashinsu ya zama aiki. Suka riƙa saukowa suna tangaɗi, idanu jajur, riguna duk miya da yaji. Wani ya zauna daɓas a kan matattakala. Wasu mata biyu suka kama dariya suka kasa tsayawa, suna riƙe da juna. Na ƙarshe shi ne mai tabarau, wanda jiya kowa a otal ya ga halin da ya iso, ga shi yau rungume da jarka mai wani farin ruwa a ciki.

Shugaban masu gadin otal ɗin, wani Balarabe dogo mai sanye da kwat, ya tako kai tsaye wurina.

"Me ka ba su?"

Na ce abinci.

"Kawo iƙamarka."

Iƙama ita ce katin zama, ita ce ranka a ƙasar nan. Na miƙa masa. Ya karɓi jarkar ya buɗe ya shinshina. Furar ta sha rana, tsaminta ya tashi. Ya yamutsa fuska ya ce, "Mushkila. Babbar mushkila." Kowa ya san akwai masu haɗa giya a ɓoye suna sayarwa a robobin ruwa, kowa kuma ya san ƙarshen wanda aka kama: kurkuku, daga nan jirgi. Na shiga bayani da Larabci da Turanci da Hausa a haɗe, gero ne, nono ne, wallahi ko jariri ana ba shi. Ya ɗaga mini hannu, ya kira Mudir, ya ce in bai zo da wuri ba 'yan sanda zai kira.

Sai na ga Ƙato ya miƙe daga inda ya jingina, barci ya washe daga idonsa, ya nufo mu. Na ce shi ke nan, yau ƙarshena ya zo. In ya ɗaga hannu a kan mutumin nan, ba mai fitar da ni. Amma da ya iso sai ya tsaya nesa kaɗan, ya mai da hannayensa baya, ya tambaya a hankali me ke faruwa. Da aka gaya masa, ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan ƙarfe zagayayye, ya ɗora a tafin hannunsa.

"Ka ga wannan? Ƙungiyar masu barin giya ce ke ba mu. Shekara tara ban kai ta bakina ba. Ta raba ni da matata, ta kusa raba ni da aikina. Na sha kofi huɗu na abin nan. Da akwai ɗigo ɗaya a ciki, ni zan riga kowa sani."

Mama ta iso ta tsaya a gabansa, kanta bai kai ƙirjin mai gadin ba.

"Wato ka ga 'yan Ingila suna layi, sai ka ce a buge suke?"

Mutumin bai yi ƙarya ba. Ya ce, "Uwargida, na yi aiki shekaru a otal na bakin teku a wata ƙasa. Na ga mutanenku."

"Ka gan su, ban musa ba," in ji Mama. "Wasunsu ma 'yan'uwana ne. Amma yau ba su ka gani ba. Ku zo nan dukanku, ku hura masa!"

Wallahi sai ga layi. Mutum goma sha tara, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya matso ya buɗe baki ya hura wa mai gadin nan numfashi a fuska. Daddawa, tafarnuwa, albasa, yaji. Na farko ya daure. Na uku ya ja da baya. Kafin na shida idonsa ya kawo ruwa, ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Halas, halas!" Wani ɗan Sudan mai ɗaukar kaya ya zo ya ɗanɗana furar, ya ce ai su ma suna da irinta, da azumi suke sha. Ana cikin haka Mudir ya faɗo a guje, ya fara zazzaga mini faɗa tun daga mota, aka miƙa masa kofi, ya kurɓa, ya ce sukari ya yi kaɗan. Da jarkar ya tafi.

Mai gadi ya miƙo mini iƙamata da hannu biyu ya ce in yafe shi. Ban gama sa ta a aljihu ba na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Sun ɗaga ni sama suna waƙar direba, a ƙofar otal, da la'asar sakaliya, mutane na ɗauka a waya.

Da ƙura ta lafa muka zauna ni da Ƙato a matattakalar bas. Kunya ta ishe ni, na ce masa ni ma fa abin da mai gadin nan ya zata shi na zata, kuma shi na fi tsoro tun a filin jirgi. Ya yi dariya har yana tari.

"Da shekara goma baya ka gan ni, da ka yi daidai. Wataƙila ma ina cikin bidiyon da aka nuna maka."

Washegari suka ce suna da tikiti guda na wani da rashin lafiya ta hana shi tahowa, kuma nawa ne. Mudir ya yarda. Wasan yaronsu da wuri aka sa shi, ana idar da magariba, zauren bai ma cika ba. Ni kuwa gidanmu gidan mahauta ne, a gefen filin dambe na girma, kakana ya yi suna a zamaninsa. Ina ganin yaron ya fito cikin fitilu jikina ya ɗauki tsuma. A zagaye na biyu aka kai shi ƙasa. Mama ta miƙe tsaye ta kira shi da wata irin murya da ban san tana da ita ba, ya dafa igiya ya tashi. Daga nan ban san lokacin da na haye kujera ba, ina zuba masa kirari da Hausa, na mahauta, irin wanda ake yi wa kakana. Turawana ba su san me nake faɗa ba, amma duk inda na tsaya sai su amsa da ihu. A zagaye na ƙarshe ya matse abokin karawarsa a kusurwa har aka kaɗa ƙararrawa, alƙali ya ɗaga hannunsa. Mai gasa burodi ya rungume ni yana kuka. Muryata kwana uku ba ta dawo daidai ba.

Ranar komawa yaron ya bar motar da aka tanadar masa ya shigo bas ɗinmu, ido ɗaya a kumbure ya rufe. An ba shi labarin direban da ya yi ta ihu da wani yare, ya ce yana so ya san me na ce. Da muka tsaya a filin jirgi na fassara masa abin da ya fassaru, sannan na buɗe waya na nuna masa damben gida: fili, ƙura, kalangu, hannu ɗaya naɗe da zare. Ya kawo idonsa mai lafiya kusa da wayar.

"Ba safar hannu?"

Na ce babu.

"Ba abin kare haƙori? A kan ƙasa?" Aka kai wa wani naushi ya zube, yaron ya zabura ya dafe kai. "Kai! Ku mahaukata ne!"

Ya kira sauran su zo su gani, suka yanyame ni da akwatunansu a tsakiyar hanya, kowa na cewa a mayar baya. Sai da ɗan sandan hanya ya zo ya buga gefen bas ya ce "Yalla, a matsa!" sannan Mama ta kora su ciki, ni kuma na haye na ja motar.